Dodon da Ya Ja Mu Sallar Isha'i

Jama'a, ku gyara zama. Asirin da na shafe wata takwas ina ɓoyewa, na ɓoye wa uwata mai gane ƙarya tun daga yadda mutum ya cire takalmi a ƙofa, yau yarinya 'yar shekara shida ta kwance min zani a kasuwa, kuma ita ba ta ma san ta yi ba.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Lisda, shekarata ashirin da bakwai, ina gasa kek a wani shago a Bandung. Ambu, mahaifiyata, tun da na haura ashirin da biyar ta kafa min ƙahon zuƙa. Ba ta faɗa, a'a. Sai dai in tana yanka albasa ta ja dogon numfashi, ta ce wa albasar, "Wasu dai sun aurar da autarsu." Kuma ba kowane miji take so ba, sai mai zuwa ofis, mai takalmin da ake gogewa yana ɗaukar ido.

Shi kuwa saurayina Sopian, wanda nake kira Aa, wato yaya, shanu yake kiwo. Shanun madara goma sha ɗaya a garin Pangalengan, kowacce da sunanta. Shi yake kawo mana madara shago ranar Talata da Juma'a. Daga "Ina kwana, Neng" (haka ake kiran 'yan mata a wajenmu) aka koma "Kin karya kuwa?", daga nan kuma, kun dai gane. Sau huɗu yana cewa zai zo gaida Abah, mahaifina, sau huɗu ina cewa ya dakata. Wallahi ba don ina jin kunyarsa ba. Tsoro nake kada Ambu ta kalli takalmansa na roba ta yi masa murmushin nan nata mai sanyi, ni kuma zuciyata ta tsage.

To, da Abah ya yi ritaya daga koyarwa sai ya sayo tanti biyu, ya ce lallai sai iyalinsa sun kwana a daji kamar yadda ya saba kai ɗalibai. Ya ce ina za mu nufa? Bakin wa ya yi azarɓaɓin cewa "Bakin tafkin Pangalengan"? Nawa. Gidan su Aa minti goma ne a babur daga wurin. Na ce a raina, ko iskar da yake shaƙa in shaƙa.

Da safen nan muka ɗauki hanya mu biyar: Abah, Ambu, yayata Teh Imas da nake kira Teteh, 'yarta Kinan, sai ni. Na sa rigar sanyi mai ruwan madara, da mayafina mai launin fure wanda Aa ya taɓa cewa yana yi min kyau. Ina shafa jan baki a mota Teteh ta harare ni.

"Jan baki a daji? Birai za ki yi wa kwalliya?"

"Leɓena ne ke tsagewa in ana sanyi."

"Allah Ya ba shi lafiya."

Yanzu bari in gabatar muku da Kinan. Babanta yana aiki a can tsibirin Kalimantan, sau biyu yake zuwa gida a shekara, don haka a gabanmu ta girma. Haƙoranta biyu na gaba sun zube, tana sanye da rigar ruwa mai ruwan ƙwai da kan agwagwa a hular. Yarinya ce da in ta ga tawul a rataye sai ta ga mutum ya sunkuya. Don a kwantar mata da hankali, Abah ya rataya mata usur a wuya, ya ce, "In kin ga haɗari ki busa, ni kakanki Aki zan zo da gudu."

Wannan ita ce dabarar da Abah ya fi yin nadama a kanta a duk shekarun koyarwarsa.

Ba mu gama kafa tantin farko ba muka ji firrrr! Abah ya saki igiya, tanti ya rufta a kan Ambu. Muka ruga muka tarar da Kinan a tsaye ƙiƙam tana nuna saiwar itace.

"Yatsun tsohuwa ne, Aki! Tana ƙarƙashin ƙasa tana son fitowa!"

Abah ya durƙusa ya yi mata darasin saiwa da yadda take shan ruwa. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To in ruwan bai ishe ta ba fa?"

Usur na biyu, iska ta kaɗa tanti, ta ce numfashi yake yi, duk wanda ya shiga ya shiga ciki ne. Na uku, wani kwaɗo a bakin tafki wai sunanta yake kira. Muka yi shiru muka saurara, kuma don Allah kada ku yi min dariya, da gaske kamar "Kinan, Kinan" yake cewa. Na huɗu bayan la'asar ne, da farin hazo ya gangaro daga gonakin shayi ya lulluɓe tafkin, wani kwalekwale ya ɓace a cikinsa. Ta rungume ƙafar Ambu, kakarta da take kira Enin, tana ihu, "Enin, ya cinye su! Har da mai jar hula!"

Ambu ta ce, "Abah, ko ka karɓe abin nan ko ni in koma gida a ƙasa."

Daidai nan aka fara yayyafi, itacen da muka tsinto ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa sai hayaƙi. Wayata ta yi motsi a aljihu. Na juya baya na duba.

Aa: Neng, kun isa lafiya?

Ni: Lafiya lau. Kada ka zo.

Aa: Ni na ce zan zo?

Aa: Amma itacenku ɗanye ne. Hayaƙin har tausayi yake ba ni.

Ni: A INA KAKE GANIN HAYAƘIN?

Aa: Bayan banɗakuna, wurin famfo. Na kawo busasshe. Ki karɓa kawai in tafi.

Wayyo ni 'yasu! Amma bakina ya ƙi rufuwa don murna. Na suri tukunya na ce zan je wanke shinkafa. Teteh ta ce, "Ikon Allah, yau Lisda ce da aiki ba a sa ta ba." Na wuce abina.

Hazo ya yi kauri, gari ya soma duhu tun magariba ba ta yi ba. Ina isa famfo na ga wani abu yana tahowa daga cikin itatuwa, kuma ni kaina sai da na ja baya. Koriyar rigar ruwa har idon sawu, hula ta rufe fuska, fitila ɗaure a goshi tana haska hazo, damin itace a baya da tsinkaye sun miƙe sama kamar ƙaho, takalman roba suna caɓal-caɓal a taɓo.

"Aa! Ka ga kanka kuwa?"

"Daga wurin tatsa nake, Neng. Ban tsaya kallon madubi ba." Ya sauke damin, ya zaro kwalba daga cikin rigar. "Ga madara, da ɗuminta. Na dafa da citta saboda Abah."

Na karɓa na rungume kwalbar. Kun san ɗumin nan da ke ratsa mutum har zuciya? To shi. Sai murmushi nake kamar wata sauna.

Ya kalli inda hayaƙinmu ke tashi, muryarsa ta sauya. "Taku hamsin ne tsakanina da shi, Neng. Na gaji da raɓe-raɓe kamar ɓarawon kaji."

"Ba yau ba, don Allah."

"Kullum ba yau ba." Ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ɗan yi dariya. "Ba komai. Ko ba daɗe ko ba jima sai na zo na ɗauke ki, in tafi da ke can saman tudu. Ki rubuta ki ajiye."

Na ƙyalƙyale da dariya ina rufe baki da gefen mayafi.

Firrrrrrrrr!

Jama'a, ban taɓa ganin namiji mai shanu goma sha ɗaya ya yi gudu irin na Aa ba. Ya faɗa cikin hazo, fitilar goshinsa tana tsalle tsakanin itatuwa har ta ɓace. Na waiga na hango kan agwagwa mai ruwan ƙwai yana sheƙa gudu zuwa tanti.

Kafin in jawo itace da tukunya in iso, Kinan ta gama ba da rahoto tana haki.

"Dodo ne kore, Aki! Idonsa ɗaya a goshi, yana ci da wuta! Yana da ƙaho goma! Ya ce zai ɗauke Bibi ya kai ta saman tudu!" Bibin nan ni ce, haka take kirana.

Abah ya riƙe ciki yana dariya. Ambu ta ce, "To madalla, an samu mai ɗaukarta." Teteh ta zare usur daga wuyan Kinan ta jefa a jaka. Da aka tambaye ni itacen, na ce mai gadin wurin ne ya taimaka mana. Ambu ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta dube ni ta wutsiyar ido.

"Mai gadi mai kirki. Har da citta."

Na sha jinin jikina, amma ba ta ƙara ba.

Bayan magariba muka shimfiɗa ganyen ayaba, Ambu ta juye shinkafa a kai tana turiri, ga soyayyen busasshen kifi, ga yajin da ta niƙa, ga gasasshiyar masara. Wuta tana ci bal-bal da itacen Aa. Kowa ya sa hannu ban da Kinan. Ta zare igiyar takalminta, ta ɗaure wuyan hannuna da nata, ta yi ƙulli uku, ta zauna manne da ni tana kallon duhu.

Teteh ta ce, "Ci abinci."

"In na saki Bibi zai zo."

"Babu wani dodo."

"Akwai, Mamah! Na gan shi!"

Nan haƙurin Teteh ya ƙare. "Kinan, ya isa! Tsoro daban, ƙarya daban. Tun safe kike hana mu sakat, yanzu kuma kin koma ƙirƙira. In kika sake, gobe ba za ki shiga kwalekwale ba, kuma sai na gaya wa babanki kin koyi ƙarya."

Yarinyar ta ƙanƙame hannuna. "Ba ƙarya nake ba. Ki tambayi Bibi. Har dariya ta yi masa."

Teteh ta juyo gare ni. "Lisda, gaya mata babu komai mu huta."

Kalma biyu ce kawai. "Babu komai." Na buɗe baki zan faɗa, sai Kinan ta ɗago ta kalle ni, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce a hankali, "Bibi, kada ki bi shi. Duk wanda ya tafi ba ya dawowa da wuri."

'Yan uwa, wace irin mace ce za ta sa a kira wannan yarinyar maƙaryaciya don ta tsira da asirinta? Na sunkuyar da kai ina kallon ganyen ayaba.

"Ba ƙarya take yi ba."

Tsit. Har kwaɗon nan ya yi shiru.

Ambu ta goge hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa. "Mutum ne?"

"Mutum ne, Ambu."

"Namiji?"

Na ce a raina, ƙasa, ina amfaninki in ba ki tsage yanzu ba? Teteh ta dafe ƙirji. "Jan baki! Na rantse na san ba don birai ba ne!"

Abah bai yi dariya ba. Ya dubi wutar, ya dubi kofin madarar da ke hannunsa. "Itacen nan da muke jin ɗumi nasa ne? Da wannan?" Na gyaɗa kai. "To kira shi. Ba a shan madarar mutum a bar shi a cikin ruwa."

Da hannu ɗaya na rubuta, don ɗayan yana ɗaure.

Ni: Ka zo. Abah ne ya ce.

Aa: Neng, kada ki yi min wasa da zuciya.

Ni: Wallahi.

Aa: Innalillahi. Bari in je gida in yi wanka in sa rigar batik ta zuwa biki.

Ni: A'a! Ka zo yadda kake, da rigar ruwan da fitilar. Akwai wadda ya kamata ta gan ka haka.

Ashe ko tafiya bai yi ba, yana bakin hanya zaune a kan babur tun ɗazu. Ba a yi minti uku ba haske ya ɓullo daga cikin itatuwa. Kinan ta ƙwalla ƙara ta cusa kai a cikin mayafina. Aa ya tsaya daga nesa, ya yi sallama, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ya kashe fitilar, ya cire ta ya ajiye a ƙasa, sannan ya zame hular. Gashinsa ya miƙe tsaye kamar na ɗan tsako.

Na ce, "Kinan, leƙa ki ƙirga min idanunsa."

Ta leƙo da ido ɗaya. "Biyu." Ta sake dubawa. "Ina ƙahon?"

Aa ya nuna wuta. "Ga shi can yana ci, 'yar Neng. Itace ne."

"Buɗe bakinka." Ya buɗe. Ta duba da kyau. "Me kake ci?"

"Shinkafa. Wani lokaci taliya."

"Yara fa?"

"Ko kusa. Ni ko yaji ya yi yawa kuka nake."

Teteh ta toshe baki da bargo, kafaɗunta suna rawa. Amma Kinan ba ta gama ba. Ta fito gaba ɗaya, tana jan hannuna da igiyar. "Ka ce za ka ɗauke Bibi."

Aa ya gyara durƙuso. Ya saci kallon Abah, ya dawo da ido kan yarinyar. "Na faɗa. Amma ba inda zan kai ta sai Aki da Enin sun yarda. Kuma sai ke ma kin yarda. Tudun ma ba nisa, kin ga fitilun can? In kin kira ta da safe, kafin azahar tana gabanki."

"Me ke akwai a can?"

"Shanu. Akwai 'yar maraƙa da aka haifa shekaranjiya, har yanzu ba ta da suna. Na rasa mai raɗa mata."

Kinan ta dube shi tana nazari kamar alƙali. Can ta fara kwance ƙullin da haƙoran gefe.

Sai a lokacin Aa ya matso ya kama hannun Abah ya kai goshinsa, ya haɗa tafukansa ya rusuna wa Ambu. Abin da nake tsoro ya faru: idon Ambu ya sauka kan takalman roba, taɓo har gwiwa.

"Aikin me ake yi?"

"Kiwon shanu, Ibu."

"Naka ko na wani?"

"Tara nawa ne, biyu na mahaifiyata."

"Uhm."

Shi ke nan. "Uhm." Shekara ashirin da bakwai ina fassara "uhm" ɗin Ambu, amma wannan ya gagare ni. Sai dai ta tura masa masara gabansa, kuma wadda ba ta ƙone ba ta zaɓa.

Bai kai ga gutsira ba aka kira isha'i daga masallacin ƙauye. Muka yi alwala da ruwan da ya kusa cire min yatsu, aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar tanti. Abah ya gyara hularsa, ya ta da iƙama da kansa, sannan ya ja da baya ya nuna wa Aa gaba.

"Bismillah."

"Bapa, ni? Ai Bapa ne babba."

"Ni matafiyi ne, kai ne ɗan gari. Shiga."

Mutumin da in ya ruɗe ko lambar wayarsa ba ya iya faɗa! Ya cire takalman, ga safa da huji a babban yatsa, kuma na san Ambu ta gani. Ya yi kabbara. Ayar farko muryarsa ta yi rawa har na ji kamar in fashe da kuka. Ta biyu ta daidaita. Daga nan kuwa, ni da na yi wata takwas ina jin muryar nan tana cewa "ga madara," ban san akwai wannan a cikinta ba. Sanyi, a natse, ba gaggawa, tana fita har kan ruwan tafki. Allah Ya yafe min, rabin hankalina ba ya kan sallar. Kinan tana gefena cikin ɗan hijabinta, ta yi "amin" da ƙarfi fiye da kowa.

Da aka sallame, Abah ya daɗe yana jan carbi. Sannan ba tare da ya waiga ba ya ce, "Sopian ko? Gobe kafin mu kwance tanti, ka zo min da babba daga gidanku."

Aa ya ce "To, Bapa" sau biyar. Ya sa takalmin dama a ƙafar hagu, ya manta fitilarsa, ya dawo, ya sake sallama, ya yi karo da igiyar tanti. Ni kuwa na shige bayan Teteh ina cizon mayafi don kada ihun murna ya kuɓuce min. Tana ta mintsinina tana raɗa min, "Munafuka! Wata nawa? Ki faɗa ko in jefa ki a tafki!"

Ambu ta jira har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Sannan ta ninke hijabinta, ta juyo.

"Abah. Gobe ka ce?"

"Gobe."

"Ai da ka tambaye ni." Ta yi gyaran murya, kuma karo na farko a rayuwata na ga Ambu tana kame-kame. "Na gayyaci ƙawata Bu Neneng cin abincin rana a nan gobe. Da ɗanta za ta zo, wanda ke aiki a ofishin gunduma. Na ce su zo kamar hanya ce ta biyo da su, ya ga Lisda."

Abah ya saki carbi. "Kin haɗa wa yarinya gani a daji ba ki gaya min ba?"

"Ita da ta ɓoye mutum guda da shanunsa fa, ta gaya maka?"

Teteh ta faɗi a kan tabarma tana birgima, dariya har da hawaye. Abah ya ce a kira su a ba su haƙuri, Ambu ta ce Bu Neneng ta riga ta sayi kaji, kuma ita ba za ta zubar da ƙawancen shekara talatin ba. Suna cikin haka wayata ta yi motsi.

Aa: Neng! Na gaya wa Emak, mahaifiyata, kuka take yi don murna. Ta aika a taso kawuna. Mu goma sha ɗaya za mu zo, har da kakata, an samo mata kujera a motar madara.

Aa: Ƙarfe sha ɗaya ya yi?

Na ɗago a hankali. "Ambu, su Bu Neneng ƙarfe nawa za su iso?"

"Sha ɗaya. Me ya faru?"

Yanzu haka ina cikin tanti, Kinan ta baje a cinyata tana jera sunayen da za ta raɗa wa maraƙa, su Abah suna waje ana ta ja-in-ja ƙasa-ƙasa. Tabarma biyu gare mu, jama'a. Biyu! Ga saƙon Aa nan a buɗe, ya ga na karanta, ya turo alamar tambaya har uku, ni kuwa dariya ta hana ni rubuta ko harafi ɗaya.